An yi mana allurar sanƙarau a 2011, me ya kawo na 2017?

Uwar Tagwaye, Gusau:

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare a nan Gusau, kuma an sa ni cikin matan da ke shiga gida-gida su yi wa iyaye bayani kafin masu allurar sanƙarau su iso unguwa. Damuwata ita ce, tambayar da matan ke yi mini ni ma ita ce a raina.

A ƙarshen 2011 an yi gagarumar allura a jihar nan, daga ɗan shekara 1 zuwa mai 29. Ni ma na miƙa hannu, da ƙannena gaba ɗaya. Abin da muka fahimta a lokacin shi ne an gama da sanƙarau. Sai ga shi a bazarar 2017 ya shigo mana kamar ba a taɓa yin komai ba. Ɗan maƙwabciyata, wanda a kan idona aka yi masa waccan allurar, ya kwanta da zazzaɓi bayan magariba, kafin asuba wuya ya ƙi juyuwa. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma har yau kunnensa na hagu ba ya ji. Uwarsa ta rantse babu mai ƙara tsira wa 'ya'yanta allura, kuma gidanta na cikin gidajen da aka ba ni.

A rediyo an ce mana wai nau'in C ne, kuma sabo ne. To ni ciwon da na gani iri ɗaya ne da na da: zazzaɓi, ciwon kai, amai, sanƙarewar wuya. Ta ina suka gane C ne, ta ina suka gane sabo ne? Kuma daga ina ya fito? Wasu na cewa alhazai suka kwaso shi, wasu na cewa allurar farko ce ta haife shi. Don Allah mai sani ya yi mini bayanin da zan iya maimaitawa a tsakar gida.

Mai Duba Samfur, Sakkwato:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. Aikina a ɗakin gwaji ne, kuma ruwan bayan yara irinsa ya bi ta hannuna a wannan shekarar, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake daga inda nake zaune.

Gaskiyarki, a gadon asibiti ba a bambance su. Likitan da ya fi kowa ƙwarewa ba zai kalli yaro ya ce wannan A ne wancan C ne ba. Sai an ɗebo ruwan laka ta ƙasan baya. Na mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau kuwa yakan zo a gurɓace, fari-fari, tun kafin ka kai shi ƙarƙashin madubi ka san akwai magana. Mu shafa shi a gilashi mu rina, sai ka ga ƙwayoyin bibbiyu manne da juna, ja-ja, wasu har a cikin ƙwayoyin jinin da suka zo yaƙarsu. Wannan ita ce bakteriyar da ake kira Neisseria meningitidis.

Ita wannan ƙwaya tana lulluɓe kanta da wata riga da take haɗawa daga wani irin sukari. Rigar ce ke hana garkuwar jiki kama ta idan ta shiga jini. Kuma da rigar ake raba su: akwai iri 12, amma shida ne ke yawan kwantar da mutane, A, B, C, W, X da Y. Allurar da aka yi muku, MenAfriVac, rigar A kawai ta nuna wa jikinku. Jiki ya haddace ta, duk wanda ya zo sanye da ita a cafke shi. Mai rigar C kuwa baƙo ne, wucewa zai yi. A 2017 muna da wani kati da muke ɗiga ruwan lakar a kai, mu haɗa da sinadarin gano A a gurbi ɗaya, na C a wani, na W a wani, mu ɗan jujjuya. Inda ya dace sai ya dunƙule ya yi gudaji-gudaji. Gurbin A shiru kake ji, na C ke ta dunƙulewa. Ta nan muka san harafin.

Amma sanin harafi daban, sanin asali daban. Ƙwaya mai rigar C ta daɗe a duniya, Ingila ma sai da ta yi fama da nata har ta fara allurarsa a 1999. Cewa namu sabo ne, daga karatun DNA aka samo shi.

Ga yadda ake yi. Kowace bakteriya tana ɗauke da rubutun halittarta, wato DNA, jerin haruffa huɗu, A, T, G da C, (kar ki haɗa su da haruffan riga, suna ne kawai ya zo ɗaya), kuma na wannan ƙwaya ya ɗan haura haruffa miliyan 2. Duk lokacin da ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun, jefi-jefi a samu harafin da ya sauya, 'ya'yanta su gaji sauyin. Don haka biyun da suka rabu kwanan nan rubutunsu kusan ɗaya ne, waɗanda suka daɗe da rabuwa kuwa bambancinsu da yawa. A 1998 aka fito da wata hanya, kuma a kan wannan ƙwayar ta sanƙarau aka fara gwada ta: a zaɓi wurare bakwai a rubutun, na ayyukan yau da kullum da ba sa saurin canzawa, a karanta su, a ba haɗuwar bakwai ɗin lamba. Rumbun lambobin yana Jami'ar Oxford, kowa na iya shiga ta intanet ya duba. In ka karanta naka ka tarar wani ya taɓa samun irinsa a Bamako ko Makka, lambarku ɗaya.

Da aka karanta na C ɗin da ya fara ɓulla a ƙauyukan jihar Sakkwato a 2013, sai aka duba rumbun aka rasa irinsa. Sabuwar lamba aka yanka masa, ST-10217. Shi aka sake gani a Kebbi a 2014, shi ya haura Nijar a 2015, kuma shi ne ya tashi daga ƙaramar hukumar Zurmi a Disambar 2016 ya zama abin da kuka gani. A wannan karon an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a Najeriya, 1,166 suka rasu.

Sai batun daga ina. Nan ne ni abin ya fi ɗaure mini kai. A kowane lokaci, kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da wannan bakteriya a maƙogwaro, lafiyarsa ƙalau, yana zuwa kasuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ba su da riga ma sam, ba sa cutar da kowa. To ita ƙwayar tana da wata ɗabi'a: in wata 'yar'uwarta ta mutu a kusa da ita, DNA ɗinta ya watse, takan tsinci guntu ta haɗa da nata. Masu bincike a Oslo ta ƙasar Norway sun karanta cikakken rubutun ST-10217, sun buga sakamakon a 2018. Danginta mafi kusa da suka samu wata ce marar riga da aka ɗauko daga maƙogwaron wani mai lafiya a Burkina Faso a 2012. Abin da ya raba su shi ne tamu ta tsinci guntun da ke haɗa rigar C, da wasu 'yan guntaye da ke ƙara mata iya kutsawa jiki. Lissafinsu ya nuna a yankinmu abin ya faru, 'yan shekaru kaɗan kafin 2013. Wato ba jirgi ya sauke ta ba, 'yar gida ce da ta samu riga.

Ki gaya wa maƙwabciyarki allurar 2011 ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Tun 2017 ba a ƙara tabbatar da sanƙarau na A ba a ƙasashen da aka yi ta, alhali shi ne mai kashe mu a da. Laifin da nake gani na masu shela ne, da aka bar mutane suka tafi gida da tunanin an gama da sanƙarau gaba ɗaya.

Alhaji Na Ƙofar Mata:

Malam, na karanta, Allah Ya ƙara basira. Amma ni dattijo ne, na ga 1996 a Kano da idona, lokacin da asibitin zana ya cika har ana shimfiɗa wa mutane a ƙasa. A wannan shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani gwaji da aka sa yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Don haka idan talaka ya ji an ɗebi ruwan bayan ɗansa an kai Turai, kar ku ga laifinsa in ya ɗaga gira.

Tambayata biyu. Ka ce sabuwar ta fito daidai lokacin da ake allurar A. Ba ka ganin abin ya yi daidai da yawa? An kori wannan, wancan ya shigo. Na biyu, me ya sa sai an kai Norway? Mu ba mu da masu karatun ne? Maganar alhazai kuwa ban ji daɗinta ba, duk abin da ya faru sai a ce mu ne. Ni dai sau nawa ina zuwa, ba a taɓa bari na hau jirgi babu katin allura ba.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku 'yan'uwa. Ni daga Nijar nake, ina Yamai a 2015 ina karatu. Ba zan manta watan Afrilun nan ba, gwamnati ta rufe lakwal-lakwal na birnin, iyaye na layi a famasi suna neman allura da kuɗinsu, tsada ta yi tsada, har ta jabu ta shigo kasuwa. Mutum sama da 8,000 suka kamu a ƙasar, fiye da 500 suka rasu. Mu ma an yi mana ta A tun 2010, don Nijar da Mali da Burkina Faso aka fara da su. Kenan irin tambayar Malama mu ma mun yi ta.

Abin da zan ƙara wa Alhaji shi ne, mu mun ga wani harafi tun kafin a san da MenAfriVac. A 2006 nau'in X ya kwantar da mutane a Yamai da yammacin ƙasar, lokacin ko allurarsa babu a duniya. Cibiyar CERMES da ke Yamai ce ta riƙa gano shi a ruwan lakar da ake aiko mata daga asibitocin jihohi. Burkina kuma W ya yi musu ɓarna a 2002. To in allurar A ce ke haifar da sababbi, wa ya haifi waɗannan?

Kuma tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, wace iyaka ce ƙwayar cuta za ta tsaya a kai? Ranar kasuwa kowa na shaƙar numfashin kowa.

Mai Duba Samfur, Sakkwato:

Alhaji, ranka ya daɗe, abin da ya faru a Kano ba wanda zai ce maka ka manta, kuma mu ma'aikatan lafiya har yau muna biyan bashinsa a ƙofar gidajen mutane.

Ta farko, ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ɗauke mini rabin nauyi. Sauran rabin shi ne abin da ke cikin kwalbar. MenAfriVac babu ƙwaya mai rai a cikinta. Sukarin rigar A ne aka tace, aka ɗaura shi a kan wani sinadarin furotin na allurar tetanus domin jikin ƙananan yara ya fi riƙe darasin. Babu ta yadda za a yi sukarin A ya koya wa wata ƙwaya haɗa rigar C, wannan sai guntun DNA daga wata mai C. Abin da masana suka yi ta muhawara a kai shi ne ko kawar da A ya buɗe wa wasu fili a maƙogwaron jama'a. Tambaya ce mai kyau, shi ya sa ake ci gaba da shafo maƙogwaron masu lafiya ana dubawa. Amma ko da A na nan, sababbi na zuwa suna wucewa. Shi kansa A ɗin ba ɗaya ba ne: wanda ya yi 1996 lambarsa ST-5, daga baya ST-7 ya ture shi, shi ma ST-2859 ya biyo baya. Riga ɗaya, masu sawa daban-daban.

Batun aikin Hajji kuma, a wannan karon karatun DNA ya wanke ku, C ɗin 2017 ba daga Makka ya zo ba. Sai dai maganar tana da tushe a tarihi, kuma ba laifin kowa ba ne, duk inda miliyoyin mutane daga kowace nahiya suka kwana wuri ɗaya haka za ta faru. A 1987 sanƙarau na A ya ɓarke a lokacin Hajji. Zuriyar da ta yi shi an riga an gan ta a China da Nepal. Bayan an watse sai ga ta a Chadi da Sudan a 1988, ta ci gaba da ratsa yankin, ita ce ta kai mu ga 1996, shekarar da aka lissafa mutum kusan 250,000 a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, sama da 100,000 na waɗanda suka kamu a Najeriya kaɗai. A Hajjin 2000 kuma W ne ya tashi, mai lamba ST-11, aka same shi a jikin alhazan da suka koma Ingila da Faransa da iyalansu. Wannan ne ya sa Saudiyya ta wajabta allura mai haruffa huɗu, A, C, W da Y. Katin da ake tambayarka a sansanin alhazai daga irin wannan bincike ya samo asali.

Ta biyu ita ce ta fi yi mini ciwo. Masu karatun muna da su. Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara fitar da cikakken rubutun ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka ta Najeriya na da babban ɗakin gwajinta a Gaduwa, Abuja. Oslo kuwa cibiya ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware don wannan ƙwaya, suna da tsofaffin samfura na shekaru da dama da za a gwada sabo da su. Inda muke faɗuwa shi ne tsakanin gadon mara lafiya da ɗakin gwaji. A annobar 2017, kusan ɗaya cikin goma ne kawai na waɗanda ake zato aka gwada ruwan lakarsu.

Dalilan na gabana kullum. Iyaye na tsoron allurar baya, an gaya musu tana gurgunta yaro, alhali ana shigar da ita ne ƙasa da inda lakar ta ƙare. Wani asibitin babu mai iya ɗiba. In an ɗiba kuma, ƙwayar nan da ke kashe saurayi cikin kwana ɗaya raguwa ce a waje: sanyi na kashe ta, zafi na kashe ta. Akwai wata 'yar kwalba mai abincinta a ciki da ake zuba ruwan don ta iso da rai, ba a sa ta a firji. Sau da yawa sai ɗan aike ya iso mini a kan babur, ya yi tafiyar rabin yini, ya buɗe akwatin allura cike da ƙanƙara yana murmushi, shi a ganinsa ya kyauta. In na shuka ba abin da zai tsiro. Gwajin PCR na iya gano harafin ko ƙwayar ta mutu, ko an riga an yi wa yaro allurar ceftriaxone mai kashe ta, don DNA yake nema. Amma cikakken karatu irin wanda ya gano asalin ST-10217 ya fi sauƙi da inganci idan ƙwayar ta iso da ranta.

Uwar Tagwaye, Gusau:

Na gode ƙwarai, Malam, Allah Ya saka da alheri. Alhaji da ɗan'uwanmu na Nijar ku ma na gode. Saura ɗaya, don na san ita za a fara jefo mini: wadda ake yi yanzu ta wane harafi ce? Kar in je in yi alƙawarin da wani harafin zai zo ya ƙaryata ni.

Mai Duba Samfur, Sakkwato:

Ki tambayi jami'in rigakafin unguwarku ya nuna miki kwalbar, sunan na jiki. In Men5CV ce, wadda ake kira MenFive, haruffa biyar ta ɗauka: A, C, W, Y da X. Kamfanin Serum Institute na Indiya da ya yi ta farko shi ya yi ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Yulin 2023, kuma Najeriya ce ƙasar da ta fara amfani da ita, a Maris ɗin 2024, a Jigawa da Bauchi da Yobe. B ne ba ya ciki, shi kuma Turai da Amurka ya fi damu, ba shi ke yi mana annoba ba.

Kar ki ce musu an gama da sanƙarau. Akwai wasu ƙwayoyin daban da ke kawo shi, musamman mai haddasa ciwon nimoniya da wata da ake kira Hib, su kuma rigakafinsu na cikin alluran jarirai na sati 6 da 10 da 14, sai ki duba katin yaran tunda kin shiga gidan. Kuma ko an yi wa yaro duka, in zazzaɓi ya zo da ciwon kai mai tsanani da taurin wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, musamman daga hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko, a daren za a tafi asibiti, kar a tsaya kemis. In likita ya nemi ɗibar ruwan baya, su yarda.